Kundin sabunta BOINC a kwamfutocin cibiyarmu

Alhamis, 10 ga Oktoba, 2024

Jiya da rana aka sanar da kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai. Rabinta ya tafi ga David Baker na Jami'ar Washington da ke Siyatil a Amurka, ɗaya rabin kuma Demis Hassabis da John Jumper suka raba. Sunan Baker ne ya sa na ajiye shayin da ke hannuna. Ɗakin bincikensa ne ke da Rosetta@home, aikin nazarin siffar furotin da kwamfutocin wannan ƙaramar cibiya tamu suka yi ta yi wa lissafi dare da rana a shekarar korona, lokacin da aka rufe makarantu, ɗalibai suka daina zuwa, na'urorin suna zaune ba abin yi.

Murna na fara yi, sai kunya ta biyo baya. Rabon da in buɗe BOINC, manhajar da ke gudanar da wannan lissafi, in duba lafiyarta da kyau an fi shekara biyu. Tana can tana aiki a wasu na'urorin, a wasu kuwa Allah kaɗai ya san halin da take ciki. BOINC ta shiga siga ta 8 a bana, mu muna nan kan ta 7 da muka saka tun wancan lokaci. Na ƙudurta zan bi su ɗaya bayan ɗaya in sabunta, kuma zan riƙa rubuta abin da ya faru a nan, don wanda zai karɓi aikin bayana kada ya fara daga tushe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yau ƙidaya muka yi ni da yaron da ke taya ni kula da ɗakin. Kwamfuta shida: uku masu Windows 10 da ɗalibai ke koyon bugu a kansu, biyu da ke jibge a sito an lulluɓe su da buhu, sai ɗaya mai Ubuntu da ke kan teburina. Akwai wata tsohuwa ta bakwai a ƙarƙashin benci, ita sai daga baya.

Ya tambaye ni wai me wannan abu yake yi ne da har fanka ke kuka ko ba kowa a kan kujera. Na zaunar da shi na yi masa bayani. Masu bincike suna da lissafin da ya fi ƙarfin injinansu, sai su daddatsa shi ƙulli-ƙulli, kamar yadda mai koko ke ƙulla sikari a leda, su rarraba wa kwamfutocin mutanen da suka ba da aron nasu kyauta. Kwamfutarka ta karɓi ƙulli, ta warware shi a lokacin da ba ka amfani da ita, ta mayar da amsa. Manhajar da ke wannan kai-komo ita ce BOINC, wadda David Anderson da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 2002. Ta samo asali ne daga SETI@home, wanda aka fara a watan Mayun 1999 don tace sautin sararin samaniya ko za a ji alamar wasu halittu masu hankali, aka kuma dakatar da raba aikinsa a ƙarshen Maris na 2020.

Ya ce, "To Malam, ai sai mu goge tsohuwar mu saka sabuwa, minti goma an gama."

Na ce masa a'a. Kowace na'ura a cikin huɗun da ke kunne tana riƙe da ƙullin aikin wani. An rubuta a can cewa yana hannunmu, an sa masa wa'adi, ana jira. In muka goge, sai wa'adin ya cika kafin su san ya salwanta su ba wani. Kayan aro ne. Don haka abin da muka yi yau shi ne shiga kowane aiki muka danna maɓallin da ke hana karɓar sabon ƙulli, muka bar na hannu su ƙare.

Gaskiya ba dole ba ne a yi haka. An tsara manhajar yadda za a iya ɗora sabuwa a kan tsohuwa aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. Amma tsallen daga 7.16 zuwa 8 ba ƙarami ba ne, wutarmu kuma ba abin dogaro ba ce. Na fi son in yi tiyatar ciki ba komai.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ta farko ta gama nata da asuba, ta miƙa, ta zama fayau.

Kafin in taɓa komai na kwafe jakar bayananta zuwa filashi. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a sani a duk aikin nan: manhajar kanta wuri daban take, bayananta wuri daban. A Windows bayanan suna C:\ProgramData\BOINC, jaka ce ɓoyayya, sai ka buga adireshin da hannu ko ka sa a nuna ɓoyayyun jakunkuna. A cikinta akwai fayil mai suna client_state.xml, shi ne ƙwaƙwalwar abin gaba ɗaya: ayyukan da ka shiga, lambar da kowane aiki ya ba na'urarka, ƙullin da ke hannu da inda kowanne ya kai. Muddin wannan jaka na nan lafiya, ko an cire manhajar an mayar, za ta gane kanta. A kula, sai an tsayar da manhajar cak kafin a kwafa, rufe tagar kawai ba ya tsayar da ita. Mai lissafin yana can a bayan fage, tagar da muke gani mai kula da shi ce kurum.

Sabuwar na sauke ta sau ɗaya tak a waya, na zuba a filashi, don kada data ta tafi sau biyar a kan abu guda. Iri biyu ake bayarwa, mai haɗe da VirtualBox (manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka) da marar shi. Na ɗauki marar shi. Ayyukan da ke buƙatarsa, irin na LHC@home, suna cin ram da data fiye da abin da za mu iya.

Sakawar ba ta kai minti uku ba. Da ta tashi na buɗe kundin saƙonninta ina kallo: ta rubuta cewa ta ga siga ta canza, ta dakatar da komai na ɗan lokaci ta auna ƙarfin furosesa, sannan ta lissafo ayyukanmu uku da lambobinsu na da. Na sake buɗe ƙofar karɓar aiki, kafin in sha ruwa ƙulli huɗu sun shigo daga Einstein@Home, aikin binciken taurari. Alhamdu lillahi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ta biyu ta bi sahun ta farko ba gardama. Ranar yau ta biyun sito ce.

Da muka yaye buhun, ƙura ta yi musu rawani. Na tuna dalilin da ya sa na ajiye su: a ƙarshen 2021 sun daina iya miƙa aiki ga wasu ayyukan, kullum sai saƙon cewa haɗi ya gaza a sake gwadawa. Na ɗora laifin a kan netwok, na canza waya, na canza layi, da na gaji na kashe su na ce sai na samu lokaci. Lokacin shi ne yau, bayan shekara uku.

Ashe ba netwok ba ne. Kafin kwamfuta ta yarda ta yi magana da saba, wato babbar kwamfutar masu aikin, ta amintacciyar hanya, sai sabar ta nuna takardar shaida, ita kuma ta duba ko wanda ya sa hannu a takardar yana cikin jerin waɗanda ta sani. A ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin wata tsohuwar babbar shaida mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, wadda ɗimbin shafukan da ke karɓar takardar shaidarsu daga Let's Encrypt suka jingina da ita. BOINC ta Windows ta wancan lokacin tana tafe da nata jerin a wani fayil, ca-bundle.crt, kuma na cikin 7.16.11 da ke kan waɗannan biyun ya tsufa. Ba a jima ba aka fitar da 7.16.20 da gyaran. Ni ne ban leƙa ba. Da na karanta kundin saƙonnin da natsuwa a wancan lokacin, maganar takardar shaida tana ciki ɓaro-ɓaro.

Na saka sabuwar siga a ta farko, nan take ta gaisa da kowace saba. Ta biyu kuwa ta ƙi. Sabuwar manhaja, tsohuwar cuta. Na yi kusan awa ina jujjuya saituna, sai yaron ya nuna kusurwar allo da yatsa ya ce, "Malam, dubi kwanan wata." Agogonta yana watan Janairun wata shekara da ta wuce da daɗewa. Ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon uwa, CR2032, ya mutu a sito. Na'urar da ke zaton tana shekarun baya, duk takardar da aka nuna mata sai ta ga lokacin fara aikinta bai zo ba, ta ƙi karɓa. Na aike shi wurin mai gyaran agogo a bakin kasuwa ya sayo, muka ɓalle tsohon da bakin sukudireba, muka daidaita lokaci. Shi ke nan.

Na yaba masa a gaban ɗalibai, don ya cancanta.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kuskurena na yau. Ta uku ita ce mai katin hoto na NVIDIA, ita kaɗai ta fi sauran biyar samar da maki, wato ladan lissafin da ake rubuta mana, a Einstein@Home. Wajen sakawa na ga zaɓin da ke sa manhajar ta yi aiki ko ba wanda ya shiga da sunansa, na ce wannan ai ya dace da ɗakin ɗalibai, na danna. Da ta tashi sai ta ce ba ta ga katin hoto ba. A Windows in aka girka ta a wannan yanayi ba ta iya kaiwa ga katin, kuma an rubuta gargaɗin a jikin zaɓin, ni ne na yi gaggawa. Na cire, na sake sakawa ba tare da shi ba, katin ya dawo.

Einstein@Home na da wani matsayi a zuciyata. Tun 2005 yake tace bayanan na'urorin LIGO masu auna girgizar sararin samaniya, daga baya kuma har da na manyan faya-fayan sauraron sama, yana neman taurarin nan masu juyawa da ke aiko da haske bugu-bugu. A 2010 kwamfutocin wasu masu sa kai a Iowa ta Amurka da Jamus suka gano wani da ba a taɓa sani ba, a cikin bayanan faifan Arecibo na tsibirin Puerto Rico. Shi kansa faifan Arecibo ya rufta a Disambar 2020, amma abin da ya tara bai rufta da shi ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Babu wuta tun jiya. Ba irin ɗaukewar da muka saba ba ce, Arewa ce kusan gaba ɗaya. Labarai na cewa layin Shiroro zuwa Kaduna dama an lalata shi, yanzu kuma wanda ke biyowa ta Makurɗi ya samu matsala. Solar da muke da ita ta ɗalibai ce, da kyar take riƙe kwamfuta uku da fanka zuwa la'asar. Aiki ya tsaya.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Har yau shiru. Na zo na zauna ni kaɗai na yi lissafin abin da ke hannunmu, kuma bai yi mini daɗi ba.

A zumuɗin ganin komai ya dawo, na bar saitin da na yi tun 2020, wanda ke cewa kowace na'ura ta tara aikin kwana uku a ajiye. A lokacin dabara ce, saboda netwok ne ke yankewa, wuta kuwa da sauƙi. To amma manhajar tana auna kwana uku ne da yadda ta saba ganin na'urar a kunne. Na'urori biyar sun cika cikinsu, ga shi ba mai iya narkarwa. Wasu ƙullin wa'adinsu kwana kaɗan ne, har sun wuce. Abin da na yi ta yi wa yaron wa'azi a kai ranar 12 ga wata, shi na aikata da hannuna, ta wata ƙofar.

Ga abin da na yi. Da rana tsaka, lokacin da batir ya cika, na kunna su ɗaya bayan ɗaya, minti goma-goma, na haɗa da intanet ɗin wayata. Duk ƙullin da ba a fara ba na soke shi, na sa manhajar ta kai rahoto nan take. Sokewa ba abin kunya ba ne a wannan tsari. Da zarar saba ta ji ka saki, sai ta miƙa wa wani a ranar, maimakon ta zauna jiran wa'adi. Kuma akwai wanda ke jira da gaske: a ayyuka da yawa ana ba kwamfuta biyu ƙulli iri ɗaya, ba a karɓar amsa sai an gwada an ga sun dace. Wani bawan Allah a wata ƙasa ya gama nasa tun makon jiya, makinsa na rataye saboda ni. Waɗanda suka haura rabi kuma wa'adinsu bai cika ba, na bar na na'ura ɗaya tana ci awa biyu-biyu kullum.

Sannan na rage ajiyar zuwa rabin yini a dukkansu.

Wannan duhu ya tuna mini da aikin ruwan sama na Afirka da ke ƙarƙashin World Community Grid (ɗaya daga cikin ayyukanmu uku), wanda Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan ta fara a 2019. Suna kwaikwayon yadda hadari ke haɗuwa ya zubar a ƙasashen kudu da Sahara, yanki-yanki, kowane ƙulli kwana biyu na yanayi, don a inganta hasashen da ƙaramin manomi zai amfana da shi. Ba aikin da na so kamar shi, don damina tamu ake lissafawa. Amma shi ne ya fi wahalar da mu. Fayilolinsa manya ne, kuma yakan yi tafiya mai nisa kafin ya ya da zango ya ajiye inda ya kai. In wuta ta ɗauke tsakanin zango da zango, duk abin da aka yi tun zangon baya ya tafi. Na sha ganin aikin awa biyu ya koma sifili saboda ƙiftawar wuta ta daƙiƙa ɗaya. Wanda ke zaune a inda ake lissafa wa ruwan, shi ne wutarsa ba ta barinsa ya taya. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Wuta ta fara leƙowa jiya da dare, unguwa ta ɗauki ihu. Ba ta zauna ba tukuna. Ƙulli bakwai muka kammala a cikin duhun, biyar an karɓa, biyu sun makara.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ta teburina, mai Ubuntu 22.04. Abin da ke rumbun Ubuntu na wannan fitowar 7.18.1 ne, kuma nan zai tsaya, don haka sai an ƙara rumbun da masu BOINC suka buɗe da kansu kafin a samu ta 8. Na tsayar da ita, na kwafe jakar bayanai, na cire tsohon ƙunshi, na saka sabo.

Da na buɗe, wayam. Ba aiki ko ɗaya, kamar yau aka haife ta. Gabana ya faɗi na ɗan lokaci kafin in tuna: tsohon ƙunshin yana ajiya a /var/lib/boinc-client, sabon kuwa /var/lib/boinc yake dubawa. Na sake tsayar da ita na juye kwafin a sabon wuri. Ta ƙi tashi. Dalili kuwa da ikon babban mai gida na tsarin, wato root, na yi kwafin, fayilolin suka zama mallakarsa, alhali manhajar tana gudana ne da wani ƙaramin suna nata, boinc, wanda ba shi da izinin rubutu a kayan da ba nasa ba. Umarnin chown guda ɗaya, mai canza mamallakin fayil, ya mayar mata da kayanta.

Saura tagar kulawa, ita ma ta ce kalmar sirri ba daidai ba. Tagar da mai lissafin suna magana ne ta ƙofa mai lamba 31416, kalmar kuma tana cikin gui_rpc_auth.cfg, wanda sunana ba shi da izinin karantawa. Na sa kaina a rukunin boinc, na fita na sake shiga, ta buɗe. Lambobin na'urar na da suna nan, tarihinta na shekara huɗu bai yanke ba. Da na yi garaje na sake shiga ayyukan a kan jakar da ba komai, da an iya buɗe mata sabon shafi a can, sai na bi ina haɗe su da hannu.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ta ƙarƙashin benci. Windows ɗinta mai bit 32 ce, kuma irin wannan a 7.14.2 aka tsaya da yi mata. Zan iya goge ta in saka Linux mai bit 64, furosesarta za ta ɗauka. Na sa mata mitar auna wuta na ga tana jan fiye da abin da ta teburina ke ja, a kan aikin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na waccan ba. A garin da ake auna wuta da cokali, wannan ba taimako ba ne. Na sallame ta daga lissafi. Za ta zama ta koyon kwancewa da ɗaurawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Hunturu ya fara turo ƙura. Muka fitar da su shida tsakar gida, muka buɗe, muka bi da buroshin fenti da abin hura iska. A jikin ƙarfen sanyaya furosesar ɗaya daga cikin na sito, ƙurar ta dunƙule ta zama kamar auduga, na zare ta da yatsa guda-guda. Bayan an mayar, zafinta ya sauka sosai, kukan fankar ma ya ragu.

Saitin da na tsayar a kowace, a kan na'urar kanta don ya rinjayi na shafin intanet: rabin ƙwayoyin furosesa kawai za ta yi amfani da su, ta dakata da zarar ɗalibi ya taɓa madannai, in ta dakata ta bar aikin a cikin ram don kada ya koma zangon baya, ajiya rabin yini, an kuma sa mata iyakar datar da za ta ci a wata. Na kuma hana lissafi daga magariba zuwa safe a ranakun da muke kan batir. Ba ta da hanyar sanin cewa inbata ce ke ba ta wuta, a wurinta soket soket ne, don haka wannan da agogo na ɗaure shi.

Yaron ya lura makinmu na kullum ya faɗi ƙasa warwas, ya damu. Na ce masa matsakaicin da suke nunawa yana raguwa da rabi duk mako in ba a aiki, kuma haka zai hau a hankali. Ni abin da nake dubawa shafin sakamako ne: nawa aka karɓa, nawa suka lalace, nawa suka makara.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau World Community Grid ke cika shekara 20. IBM ce ta kafa shi a 2004, ya koma hannun Cibiyar Bincike ta Krembil da ke Toronto a 2022. Na ga ya dace in duba lissafinmu a ranar.

Shida suna kan siga ta 8. Tun ranar 9 ga wata ba ƙullin da ya makara, ɗaya ne ya lalace, shi ma a daidai lokacin da aka ɗauke wuta ranar Laraba. Rosetta@home ba kullum yake da aiki ba, in ya samu mukan samu kaɗan, sauran lokacin Einstein@Home da aikin alamomin cutar daji na Krembil ke cike gurbin.

Abin da ya rage: ƙaramar UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ga mai katin hoto, ko da mai riƙe minti biyar ce, in kuɗin zangon nan ya shigo. Batirin allon uwa na sauran huɗun, a canza su kafin su mutu. Sai babbar magana, Windows 10 da za a daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma a cikin biyar ɗin nan biyu ne kawai za su iya ɗaukar 11. Ina tunanin mayar da ukun Linux a hutun ƙarshen shekara.

Filashin da ke ɗauke da kwafin jakunkuna shida yana cikin durowar sama, an rubuta kwanan wata a jikinsa da jan biro. Na nuna wa yaron inda yake, na kuma sa shi ya duba sigar kowace na'ura ranar Asabar ta farko a kowane wata, ya rubuta a ƙasan wannan shafi.